Takardar makin ƴan sitaj: in rubuta gaskiya ko in buga hatimi in huta?

Mai Bobinaj, Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba mai yawan rubutu ba ne, to ku yi haƙuri in na ja zance.

Sana'ata naɗin wayar injin lantarki, abin da muke ce ma bobinaj. Injin niƙa, famfon rijiyar burtsatse, fanka, janareto, duk abin da ya ƙone daga ciki wurina ake kawo shi. Shekara 26 ke nan ina kanta a nan Maradi. Lakwal a aji shida na tsaya, Faransancina daidai na karanta takardar kuɗin wuta ne.

Bana wata babbar makaranta ta nan garin ta turo mini ɗalibai biyu sitaj, wato koyon aiki a wurin masu sana'a, na wata biyu, mace da namiji, dukansu masu karatun lantarki. Ba zan kama sunan makarantar ba, kuma kada wani ya yi mini canki-canki, makarantu sun yi yawa yanzu, na gwamnati da na kuɗi. Sun zo da wasiƙa, na karɓa, na ce bismillah.

Yarinyar, ranar farko na ga hannunta na ce a raina wannan ba za ta kai Juma'a ba. Bobinaj aikin wahala ne. Sai ka ƙona tsohuwar wayar ka zare ta daga ramuka, hayaƙin banish yana shiga maka ido, ka ƙidaya zagaye nawa aka yi ma kowane ƙulli, ka auna kaurin waya, ka yanka takardar kariya ka jera rami-rami, sannan ka fara naɗi. In ka yi kuskuren ƙidaya a ƙulli ɗaya, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Satin farko waya ta yanke ta a yatsu har wuri uku. Ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. Ƙarfe bakwai da rabi tana bakin shago, wani lokaci ta riga aparantina, yaron da ke koyon sana'a wurina, zuwa.

Abin da ya sa na sara mata shi ne maganar injin wani mai niƙa. Sau biyu ina naɗa masa, sau biyu yana dawowa a ƙone cikin wata guda, har ya fara cewa wayata ce jabu. Ni na san aikina, amma na rasa bakin zaren. Yarinyar nan ta ce, "Baba, ka bar ni in je in ga inda yake aiki." Ta ɗauki mitar awon wuta, ta yi kwana uku tana zuwa safe da yamma tana rubutawa a littafi. Ta dawo ta nuna mini: ƙarfin wutar da ya kamata ta isa injin volt 380 ne, amma da an zuba hatsi ya ɗauki nauyi sai ta faɗi ƙasa sosai, don mai niƙan ya ja waya siririya mai 2.5 daga nesa, kuma babu abin da zai katse wuta in injin ya yi zafi. Ta yi lissafi a gabana, tsawon waya da kaurinta, ta ce a sa mai 6. Aka canza. Har yau injin bai dawo ba. Ni da ido da hanci nake gane cuta, ita da alƙalami ta gano ta, kuma ban ji kunyar cewa ta koya mini ba.

Shi kuwa yaron, na sa aparantina ya riƙa yin zane a bango duk ranar da ya zo. Zane tara ne cikin wata biyu. In ya zo ma, yana kan benci da salula, in an ce riƙe nan sai ya duba rigarsa.

Yanzu ga su sun kawo mini takarda kowa da tasa, da Faransanci, ɗana ya fassara mini: zuwa kullum, zuwa kan lokaci, ladabi, zama da mutane, ƙoƙarin kai. A ƙasa maki bisa 20, sa hannu da hatimi. Babu wurin da aka tambaye ni ko ɗalibi ya iya naɗa inji. Kuma tun da suka fara har suka gama, ko malami ɗaya bai leƙo ba, ko kiran waya.

Ga inda gizo ke saƙar. Mahaifin yaron Alhaji ne da nake gyara ma injunan lambu shekara da shekaru, kuma kawunsa ya riga ya kira ni, wai "a duba yaro." Kun san Maradi, in ka taka wutsiyar mutum a Zariya sai a ji ihu a Bagalam.

Tambayata ga malamai da waɗanda suka san harkar: makin nan ana karanta shi kuwa, ko ado ne? In na ba yaron abin da ya cancanta, zai rasa shekararsa? In na ba shi 16 kamar yadda ake so, me zan ba yarinyar? Kuma don Allah, in makaranta ta ce ta ƙulla hulɗa da masu sana'a, hulɗar ke nan, wasiƙa a farko, hatimi a ƙarshe?

Malamin Lissafi da Lantarki:

Wa alaikumus salam Baba. Ina koyarwa a ɗaya daga cikin manyan makarantun jahar nan, ban san ko tamu ce ta turo maka su ba, amma maganarka ta same ni inda ya kamata.

Bari in fara da ko ana karanta makin. Ana karantawa, yana shiga lissafi. Tsarin da muke bi yanzu shi ne LMD: lisans, wato digiri na farko, shekara uku, zango shida, kiredi 180 (ma'aunin nauyin darussa), kuma sitaj yana da nasa kason a ciki. Galibi ana haɗa abu uku, makin maigidan da aka yi aiki wurinsa, makin rahoton da ɗalibi ya rubuta, da na ranar da zai tsaya gaban alƙalai ya kare aikinsa. Yadda ake raba nauyin ya danganta da makaranta. Amma in gaya maka gaskiya, a teburin alƙalai makin maigida ya zama abin murmushi, don kusan duk takardar da ta zo 16 ce, 17, 18. Wanda ya kwana a wurin aiki da wanda ya je karɓar hatimi kawai, duk ɗaya. To in ka ba yaron nan 16, ba shi ka taimaka ba, yarinyar ka cuta, don ka mayar da nata 17 ɗin ba ya nufin komai.

Rashin zuwanmu kuwa, ba zan kare shi ba, amma ga yadda abin yake. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maradi da Tawa da Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kafin nan wanda ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, sai Yamai, ko Sayi, ko waje. An kawo karatu kusa da gida, ɗalibai suka yi yawa, ga makarantun kuɗi su ma suna yaye nasu. Kamfanonin da za su ɗauki ƴan sitaj ba su ƙaru haka ba. Shi ya sa ake bazama garejoji da shaguna da ƙungiyoyin manoma. Malami ɗaya sai a rataya masa ɗalibai da yawa, wani a Tasawa, wani a Dakoro, wani a Madarunfa, kuma esansin da zai zagaya da shi daga aljihunsa ne. Ƙari a kan haka, malamin jami'a in zai hau mataki, takardunsa CAMES ake kai wa, hukumar da ke Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a can shi ne binciken da ya wallafa. Wuni guda a shagonka ba ya cikin abin da ake ƙidaya masa. Mutum kuwa inda ake auna shi nan yake zuba ƙarfinsa.

Amma ku ma masu karɓar ɗalibai akwai naku. Na taɓa samun ɗalibin da ya yi wata biyu a wani wuri, aikinsa sayo shayi da wankin motar maigida, ya dawo da 18.

Shawarata uku ce, ko in ce biyu da rabi. Ka tambayi yaran ko akwai takardar yarjejeniyar sitaj, wadda makaranta da maigida da ɗalibi suke sa wa hannu. A cikinta ya kamata a ga sunan malamin da ke bin su. Neme shi, ko da shi bai neme ka ba. Sannan kada ka tsaya ga lamba. Rubuta a bayan takardar, ko da Hausa ne: ta zo kwana kaza, ta iya kaza, ta gano kaza. Labarin mai niƙan nan in ya iso gaban alƙalai ya fi 19 amfani. Rabin kuwa: sa a ambulan ka liƙe ka buga hatimi a bakin, ka aika kai tsaye, kada ka damƙa ma ɗalibi a hannu. Na ce rabi ne don na san ambulan ba ya hana kawu kira.

Ko zai rasa shekara? In makin ya yi ƙasa da 10, a wurare da yawa sai dai ya sake sitaj ɗin. Ba kora ba ce.

Na Bakin Tasha:

Maigida, ba shi 15 ka huta. Makarantar da ba ta tako ƙafa ta zo ba, kai ne za ka ɓata da Alhaji saboda ita? Gobe injin lambu ya ƙone a kai ma wani, malaman za su biya ka? Wanda bai iya ba, aiki ne zai tona shi, ba kai ba.

Uwar Ƙungiya, wajen Agye:

Sannunku da hira. Ni ba lantarki na sani ba, noma ne da ajiyar wake. Ina shugabantar ƙungiyar mata a ƙauyenmu, kuma karatun yaƙi da jahilci ne ya kai ni ga rubutu. Amma maganar Maigida ta hulɗa ita ta tsayar da ni, don mu ma muna da namu ƴan sitaj.

Duk damina sai sun zo, ɗiyan makarantun noma, da takardu a hannu. Kadada nawa kike nomawa, dami nawa kika samu, awaki nawa, ɗiya nawa, sau nawa kuke cin abinci a wuni. Mu bar surfe mu zauna, mu ba su fura, mu ba su tabarma. Bara wani yaro ya yi kwana ashirin a ɗakin ɗana. Da sunka tafi, shi ke nan. An ce mana sun rubuta littafi a kanmu, an tafa musu, an ba su maki. Mu ko bangon littafin ba mu gani ba. In ma an kawo, da Faransanci yake. Ga shi tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa, to me zai hana yaro ya dawo wuni ɗaya ya zauna ƙarƙashin gawo ya gaya mana da bakinsa abin da ya gano?

Ba wai ban ga mai amfani ba. Na gani, shi ya sa na san bambanci. Murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an murɗa igiya, ta sha cinye mana gona ana gab da girbi. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na Tarna, tare da malaman jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ɗalibansu, sun daɗe suna aiki a kanta. Sunka zo da ƴan buhunan algarara ƙanana, a ciki akwai tsaba da wasu tsutsotsi da wani ɗan ƙwaro kamar jaririn zanzaro, anka rataya a itace. Ƙwaron ya hayayyafa ya fita, ya bi murzuna ya kashe. Da farko dariya munka yi, wai a kawo ƙwaro maganin ƙwaro. Amma sun dawo. Munka shiga gona tare, munka tsinko zangarniya, sunka nuna mana matattun tsutsotsin sun yi baƙi. Abin da idonka ya gani ba sai an rantse maka ba.

Haka buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu bincikenmu. Leda biyu a ciki, buhu a waje, kowane a matse iska a ɗaure shi daban, ba hodar magani ko kaɗan. Ba takarda anka raba mana ba. A gaban jama'a anka zuba wake anka ɗaure, bayan watanni anka tara gari anka kwance, waken yana nan fes ba huda.

Sassabin zamani ma, da ya cika gonakinmu da itace, a jahar nan ya fara a 1983, da Baturen nan Tony Rinaudo da manoman da sunka yarda su bar tohon kututture ya tashi. Yanzu ɗalibai har ƙauyen Dan Saga suke zuwa su koya wurin tsofaffin da ba su taɓa zama aji ba. To in manomi ya isa ya koyar, ya isa a tambaye shi yaya ɗalibin ya yi, kuma yaya makarantar ta yi.

Maigida, ni dai ban ce ka kayar da ɗan mutane ba. Amma kai an ba ka takarda ka auna su. Mu ko wannan ba a ba mu ba.

Tsohon Ɗalibin Katsina:

Baba, ina wuni. Ni ɗan Mokoyo ne amma a Katsina na yi karatun injiniya, to bari in kawo yadda ake yi a can. Suna da tsarin sitaj mai suna SIWES, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta Najeriya, ITF, ta kafa shi a 1973. Ɗan jami'a a fannoni irin namu yana fita wata shida, ɗan kwalejin fasaha wata huɗu. Abin da ya fi burge ni littafin aiki ne: kullum ka rubuta abin da ka yi, har da zane in akwai, ƙarshen mako maigidan wurin ya duba ya sa hannu, kuma ana sa ran malami ya zo daga makaranta ya gan ka a bakin aiki. Da kana da irin wannan, da zanen bangon aparantinka ya zama hujja a rubuce, kuma da tun sati na biyu an san yaron ba ya zuwa, ba sai da aski ya zo gaban goshi ba.

Kada in yi ƙarya, can ma akwai masu zama dare ɗaya su cika littafin wata shida da biro kala uku don ya yi kama da na gaske. Na san su, ɗaki ɗaya muka kwana. Amma ko ba komai sai sun sha wahalar ƙirƙira.

Inda ban bi Malam ba shi ne maganar ambulan. Kafin ka liƙe komai, kira yaron ka zaunar da shi, kai da shi, ban da uba ban da kawu. Wata biyu yana fashi, ka taɓa ce masa don me? Ni a sitaj ɗina na farko sati biyu ba wanda ya ce mini ɗauki ko ajiye, har na fara ganin zuwan ba shi da amfani. Ban ce haka ne nasa ba. Wataƙila malalaci ne kawai. Amma maki a ɓoye ba zai koya masa riƙe filaya ba.

Na Bakin Tasha kuma, aikin lantarki in zai tona wanda bai iya ba, da gobara yake tonawa, a gidan wani.

Mai Bobinaj, Sabon Gari:

Na gode muku duka, Allah ya saka. Malam, na gode da ba ka ɓoye naku ba. Hajiya, maganarki ta sa na ji kunya kaɗan, don ni ma ban taɓa tambayar ina rahoton waɗanda suka wuce wurina a baya ba.

Ɗana na Katsina, ka taɓa ni. Gaskiya ne ban taɓa zaunar da shi ba. Na ga ɗan Alhaji ne, na ce ba ni zan sa shi zare ƙonanniyar waya ba, shi kuma ya ga ba a neme shi ba. Shekaranjiya bayan la'asar na kira shi. Ba wani uzuri ya kawo ba, kuma na ji daɗi da bai yi mini ƙarya ba. Ya ce abokansa duka haka suke yi, a kai wasiƙa a dawo karɓar hatimi, shi ya ɗauka haka tsarin yake. Na nuna masa zane taran nan a bango. Na ce takardarka tana cikin durowa, ba zan rubuta 16 ba, ba zan rubuta 6 ba. Ka ba ni sati uku, bakwai da rabi zuwa azahar, ka naɗa fanka ɗaya da hannunka daga farko har ta juya, sannan in rubuta abin da na gani. Alhaji na je na same shi da kaina a lambu kafin magana ta riga ni. Ya yi shiru, ya ce "to." Wane irin "to" ne, sai injinsa na gaba ya ƙone zan sani.

Jiya yaron ya zo takwas saura. Yau ya zo takwas da kwata, da tsohuwar riga.

Yarinyar na ba ta 17. Na rage uku don har yanzu hannunta yana da nauyi wajen jera takardar kariya, tana yaga ɗaya cikin biyar, kuma na gaya mata haka. Ɗana ya rubuta labarin mai niƙa a bayan takardar da Hausa kamar yadda Malam ya ce, na sa mai niƙan ma ya dangwala hannu.

Yarjejeniyar da ka ce, Malam, yaran sun duba, wasiƙar nan ce kaɗai, kuma sa hannun da ke ƙasa ba a karanta suna. To wane ofishi zan nufa in na shiga makarantar, na shugaban sashe ko na masu rajista? Kuma ranar da yarinyar za ta kare aikinta, ana barin irinmu mu shiga mu zauna? In ana bari, a gaya mini da wuri in rufe shago, don ranar Litinin ba na iya tashi, ita ce ranar da masu niƙa ke kawo abin da ya ƙone a ƙarshen mako.